Darasi na Bakwai: Hutar da Inji Mai Turbo Kafin a Kashe Shi

Da yawa daga cikin direbobinmu sun koyi tuƙi ne a kan motocin da ba su da turbo, irin su Peugeot 504 da aka yi ta harhaɗawa a Kaduna tun 1975, da Corolla, da Hiace ta da. Irin waɗannan, da an iso sai a murza makulli a sauka, ba abin da zai sami inji. To amma kasuwar mota ta canza. Ƙananan motocin da ake shigowa da su yanzu, sababbi da na hannu, da yawansu turbo gare su. Manyan motoci kuwa, tirela da tanka da tifa, yawancinsu suna da shi. Hannun da ya saba da tsohuwar mota, idan ya kama sabuwa bai sake hali ba, zai iya jawo wa mai ita asara ba gaira ba dalili.

A wannan darasi za mu duba abin da ke faruwa a cikin turbo bayan an kashe inji, da dalilin da ya sa ake so direba ya ɗan dakata kafin ya kashe, da kuma lokutan da dakatawar ba ta da wani amfani. Dalilin shi ne abin da aka fi so ɗalibi ya riƙe, domin wanda ya san dalili da kansa zai gane ranar da ya kamata ya jira da ranar da ba sai ya jira ba.

Aikin turbo

Inji ba da mai kaɗai yake tafiya ba. Kafin kilo 1 na fetur ya ƙone sarai, sai ya haɗu da iska kusan kilo 15. Ƙara wa inji mai abu ne mai sauƙi, samar masa isasshiyar iskar da za ta ƙona man shi ne aikin. Injin da ba shi da turbo da kansa yake zuƙar iska, iya abin da cikinsa zai ɗauka. Mai turbo kuwa ɗura masa ita ake yi da ƙarfi, sai a ƙara masa mai daidai da iskar, ƙaramin inji ya yi aikin babba.

Idan aka buɗe bonet aka bi bututun hayaƙi daga jikin inji, za a tarar da wani dunƙulen ƙarfe mai siffar katantanwa biyu da aka haɗa baya da baya. Shi ne turbo. A cikinsa akwai farfela biyu a kan sandar ƙarfe guda ɗaya. Ta farko tana kan hanyar hayaƙi, kuma hayaƙin da inji ya fitar shi ke kaɗa ta. Da ta juya sai sandar ta juya, sai farfela ta biyu, wadda ke kan hanyar iska, ta jawo iska daga matata ta danna ta cikin inji. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji ya ƙona ta salansa yake ficewa a banza. Turbo yana tare wani abu daga ciki ne ya mayar da shi aiki.

Dabarar ta daɗe. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi mata rajista a 1905. An fara cin moriyarta a manyan injinan jiragen ruwa a shekarun 1920, sannan ta shiga jiragen sama da manyan motocin dizal. Ba ta isa ƙananan motocin kasuwa ba sai 1962, a Amurka, a cikin Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair. Abin da ya yawaita ta a zamaninmu shi ne dokokin rage hayaƙi da rage shan mai a Turai da Amurka da Japan, waɗanda suka sa kamfanoni suka ƙanƙanta inji suka cike giɓin da turbo. Honda Accord ta 2017 tana da inji mai lita 2.4, ba turbo, ƙarfinsa doki 185. Ta 2018 injinta lita 1.5 ne kacal, amma da turbo, ƙarfinsa kuma doki 192.

Sau da yawa rubutun da ke bayan mota ko a kan murfin inji yakan nuna: Turbo, TSI, TFSI, TDI, EcoBoost, HDi, dCi, D-4D. Sai dai ba kowace dizal ce ke da shi ba. Land Cruiser mai injin 1HZ da Hilux mai injin 5L, waɗanda ake yawan gani a Nijar da Chadi, ba su da turbo. Haka ma Hilux mai shan fetur, mai lita 2.7, da aka fi sani a Nijeriya. Wanda bai tabbata ba ya duba littafin motar, ko ya sa bakanike ya nuna masa da yatsa.

Gudu da zafi

Injin ƙaramar mota idan an matsa masa yakan kai juyi 6,000 a minti. Farfelar turbo kuwa takan wuce juyi 150,000 a minti, ƙananan ma sukan haura 200,000, wato fiye da juyi 3,000 a sakan ɗaya. Hayaƙin da ke kaɗa ta, a injin fetur da ke aiki tuƙuru, yakan kai digiri 900 zuwa 1,000 a ma'aunin Salshiyas. A dizal yakan tsaya wajen 700 zuwa 800. Mu tuna ruwa a digiri 100 yake tafasa. Direban da ya buɗe bonet da dare, bayan ya hau dogon tudu da kaya, zai iya ganin ɓangaren hayaƙin turbo ya yi jajir.

Sandar da ke wannan gudu tana zaune ne a cikin wasu ƙananan zobba na tagulla, wato bushin, kuma a yawancin turbo ba ta taɓa su matuƙar inji na aiki. Famfon baƙin mai yana turo mai ta wani siririn bututu, man ya shiga tsakanin sanda da bushin, sanda ta yi ta juyi a kan mai. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin silin gashi ba. Aiki biyu baƙin man nan yake yi a lokaci guda: yana hana ƙarfe gogar ƙarfe, yana kuma kwashe zafin da ke biyo sanda daga ɓangaren hayaƙi ya gangara da shi kwanon da ke ƙasan inji. Mai ɗaya ne da wanda ke cikin inji, ba wani na dabam ba. Tsakanin wurin da ke da digiri 900 da wurin da man ke wucewa bai fi faɗin 'yan yatsu ba. Abin da ke tsare man daga ƙonewa shi ne rashin tsayawa: ya shigo, ya ɗebi zafi, ya wuce, wani ya biyo.

Bayan an murza makulli

Inji ne ke juya famfon baƙin mai. Da inji ya tsaya famfo ya tsaya, mai ya daina zuwa nan take. Zafi kuwa ba ruwansa da makulli. Gidan farfelar hayaƙi ƙarfe ne mai kauri, ya riga ya sha wuta, kuma dole zafin nan ya nemi inda zai tafi. Ɗazu hayaƙi yana wucewa, mai yana zagayawa, iskar hanya tana bugun inji. Yanzu duk sun tsaya, ga bonet a rufe. Sai zafin ya bi sanda da jikin ƙarfe ya nufi tsakiyar turbo, inda bushin suke. Shi ya sa tsakiyar turbo takan fi zafi mintoci kaɗan bayan an kashe inji fiye da lokacin da mota ke tsaka da gudu. Mutane da yawa sukan yi mamaki idan suka ji haka, amma a nan duk darasin ya rataya.

Ɗan man da ya rage a jikin sanda da bushin da bakin bututu shi ke shan wahalar. Baƙin mai a wajen digiri 90 zuwa 110 aka tsara ya yi aiki. Idan ya kwanta a kan ƙarfen da zafinsa ya ninka haka sau biyu ko uku, sai sassansa marasa nauyi su tashi, ragowar ta dahu, ta yi kauri, ta ƙafe, ta zama baƙin ɓawo mai tauri. Duk wadda ta saba tuƙa tuwo ta san wannan: ko an janye itace, idan aka daina juyawa aka bar tukunya a kan murhu mai zafi, gindinta sai ya kama ya yi ƙanzo. Na tukunya jiƙa shi ake yi a kankare. Na turbo ba mai ganinsa, balle ya kankare.

Ɓarnar ba a rana ɗaya take bayyana ba, abin da ya sa direbobi ke raina gargaɗin ke nan. Mutum zai ce ai kullum haka yake kashewa, bai ga komai ba. Gaskiya ne bai gani ba. Kowace kashewa da zafi tana ƙara ɓawo kaɗan a kan na jiya. Sannu a hankali ramin bututun mai yana tsukewa, man da ke isa bushin yana raguwa. Ɓarɓashin da ya ɓalle yana shiga tsakanin sanda da bushin yana karce su. Akwai kuma wasu ƙananan ringi a bakin sanda da ke raba mai da hayaƙi. Idan ɓawo ya daskarar da su, sai mai ya fara tsiyaya cikin salansa. Kafin abin ya fito fili an yi watanni ko shekaru, sai a ɗora laifin a kan kamfani, ko a kan bakaniken da ya taɓa motar a ƙarshe, alhali a hannun direba aka faro.

Akwai matsala ta biyu. Farfela ba ta tsayawa tare da inji. Idan tana cikin gudu aka kashe, za ta ci gaba da juyawa na wasu sakanni ba tare da mai yana zuwa mata ba. Daga nan za a gane illar wata tsohuwar al'ada, ta taka totur da ƙarfi sau ɗaya ko biyu kafin a kashe mota, wai don a cika batir, ko a bar mai a kafireto saboda tashin safe. Motocin yanzu ba su da kafireto, kuma takawar sakan biyu ba ta ƙara wa batir komai. Abin da take yi kawai shi ne ta zaburar da farfela, sannan a yanke mata mai. A mota mai turbo wannan al'ada a bar ta kwata-kwata.

Idan kuwa aka bar inji a silo, wato a kunne ba a taka totur ba, sai al'amarin ya juya. Zafin hayaƙi ya sauko ƙwarai, a dizal har ƙasa da digiri 200, sai hayaƙin da kansa ya riƙa kwashe zafin gidan farfela yana fita da shi. Mai yana zagayawa, ruwan lagireto yana zagayawa, farfela ta rage gudu. Iyakar abin da ake nema ke nan.

Minti nawa za a jira?

Tsawon tafiya ba shi ne ma'auni ba. Abin dubawa shi ne irin aikin da inji ya yi a mintocin ƙarshe kafin a tsaya. A littattafan da kamfanin Toyota ke bayarwa tare da motocinsa na dizal masu turbo, irin su Hilux da Land Cruiser, an yi wa direba jadawali. Bayan tuƙin cikin gari na yau da kullum, ba sai an jira ba. Bayan gudun kilomita 80 a awa, kamar sakan 20. Bayan gudun kilomita 100, kamar minti 1. Bayan hawan dutse mai tsauri, ko dogon gudu sama da 100, kamar minti 2. Kamfanin Cummins, mai ƙera injinan manyan motoci da janareto, yana umartar a bar inji a silo minti 3 zuwa 5 bayan ya yi aiki da cikakken kaya. Wanda ya lura da manyan janareton asibitoci da masana'antu ya ga haka a aikace: idan wutar gari ta dawo ba sa mutuwa nan take, sai su saki kaya su ci gaba da aiki 'yan mintoci tukuna. Ba lalacewa suka yi ba, haka aka tsara su.

Mu ɗora wannan a kan hanyoyinmu. Direban da ya taso daga Kaduna ya shigo Kano ta Na'ibawa, ya bi cunkoson titin Zariya a hankali har ƙofar gida, injinsa ya riga ya huce a hanya. Ya kashe abinsa. Wanda ke cikin haɗari shi ne wanda ya sauka daga babban titi kai tsaye ya tsaya: zai sha mai, ko lokacin salla ya yi, ko za a ci abinci a Tafa ko Mararrabar Jos, ko an tsayar da shi a shingen jami'an tsaro. Sakan 30 da suka wuce yana gudun 120, yanzu inji a kashe. Haka wanda ya haye Hawan Kibo a hanyar Akwanga zuwa Jos da lodi, ko ya hau tsaunin Mambila ya nufi Gembu, ya ce bari ya tsaya a sama mota ta huta, sai ya kashe ta. Niyyarsa mai kyau ce, amma hutun da take buƙata a wannan lokaci shi ne a bar ta a kunne.

Kada allurar gudu ta ruɗi direba. Motar da ke ratsa rairayi tsakanin Agadas da Dirku tana iya tafiya kilomita 30 a awa, amma totur a ƙasa yake, giya ƙarama, iskar da ke bugun inji kaɗan ce. Turbonta ya fi na mai gudun 100 a kan kwalta zafi. Haka tarakta da ta wuni tana huɗa, da tifa da ta fito daga ramin yashi, da motar da ke janye da wata. Allurar zafin ruwa ita ma ba ta ba da labarin turbo, zafin ruwan inji kawai take nunawa. Tana iya zama a tsakiya lafiya lau alhali gidan farfela ya yi ja.

Hanya mafi kyau, a ganina, ita ce a huce a kan tafiya. Idan direba ya san zai tsaya a gaba, ya ɗaga ƙafa tun saura kilomita 2 ko 3, ya ƙarasa a hankali ba tare da matsa wa inji ba. Iska na shiga, famfon mai na juyawa da kyau, ba a kuma ɓata lokacin kowa ba. Idan tsayawar ta zo ba shiri, sai a jira a silo. A wajen tsayawa salla abin ma ba wuya: kafin fasinjoji su gama sauka, a ɗauko buta da darduma, minti biyun sun cika. A gidan mai kuwa kashe inji kafin a fara zubawa wajibi ne, ba a wasa da shi. Wanda ya shigo da zafi ya ɗan tsaya a gefe tukuna, sannan ya matsa gaban famfo ya kashe.

Wani zai ce mai ya yi tsada, musamman tun da aka cire tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayu na 2023. Maganarsa abar dubawa ce, sai mu yi lissafi. Ƙaramar mota a silo kimanin lita 1 take sha a awa. Minti 2 ke nan kashi 1 cikin 30 na lita. Turbo kuwa daga waje ake shigo da shi, da kuɗin waje, ga kuɗin aiki, ga kwanakin da mota za ta yi a gareji ba ta kawo ko sisi. Amma kada a wuce gona da iri. Barin mota a kunne minti 10 ko 15 ba ya ƙara wa turbo komai, a nan kam asarar mai ce, kuma a dizal na zamani yawan zama a silo yana toshe matatar hayaƙi da baƙar toka.

Akwai wata dabarar tsimin mai da ta fi kowace muni: a haye tudu, a kashe inji, a saki mota ta gangara da kanta. An kashe inji daidai lokacin da turbo ya kai ƙololuwar zafi. Wannan ma ƙaramar asara ce idan aka kwatanta da ɗayar, domin a yawancin motoci ƙarfin birki da laushin sitiyari daga inji suke samuwa. Rayukan mutane ne a cikin motar.

Motocin zamani fa?

Za a ji wasu na cewa wannan duk maganar da ce, motocin yanzu ba sa buƙatar jira. Akwai gaskiya a ciki. Tun tsakiyar shekarun 1980 kamfanoni suka fara bi da ruwan lagireto ta tsakiyar turbo, musamman a motocin fetur. Ko an kashe inji, ruwan da ya yi zafi yakan tashi sama, mai ɗan sanyi ya maye gurbinsa, a haka ya ci gaba da rage zafin. Wasu motocin, kamar na Volkswagen da Audi da BMW, har da ƙaramin famfon lantarki da ke ci gaba da tura ruwa 'yan mintoci bayan an cire makulli. Idan aka ji wani ɗan gurnani ko ƙarar fanka a ƙarƙashin bonet bayan an kashe, aikinsu suke yi. Masu cire kan batir da dare saboda ɓarayi su bari sai ƙarar ta ɗauke. Motocin da ke kashe kansu a danja su tashi da kansu su ma an ƙera su ne da sanin wannan.

Sai dai wanda ya ƙera motar ya yi lissafinsa ne a kan mota mai lafiya, da man da ya rubuta, da ruwan da ya rubuta. Tamu sau da yawa ta iso ne bayan ta yi shekaru a hannun wani, ba mu san irin man da ta sha ba. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, ga lodin da ya wuce ƙa'ida. Ga kuma al'adar cika lagireto da ruwan rijiya ko na leda maimakon ruwan sanyaya inji na musamman, abin da ke tara tsatsa da gishiri a cikin ƙananan hanyoyin ruwan turbo har su toshe. Turbon manyan motocin dizal da yawa ma ba ruwa a cikinsu, mai kaɗai suka dogara da shi. Saboda haka shawarata ita ce, a cikin gari a kashe ba damuwa, amma bayan aiki mai tsanani a ba ta mintinta, ko ta bana ce.

Ana sayar da wata na'ura da ke barin inji a kunne na ɗan lokaci bayan an cire makulli, sannan ta kashe shi da kanta. Tana aiki, amma motar da ke kunne ba kowa a ciki haɗari ce ga yara, kuma dole a bar ta ba a giya ba. Direban da ya iya rage gudu kafin ya iso bai da buƙatarta.

Inda ba a jira, da abin da ba a yi

Idan jar fitilar baƙin mai ta kama, ko inji ya fara ƙwanƙwasa, ko tiyo ya fashe ruwa ya zube, a tsaya a kashe nan take. A irin wannan hali kowane sakan na aiki cin inji yake yi. Kada kuma a yi jiran a cikin rufaffen gareji ko zaure. Hayaƙin mota yana ɗauke da iskar nan mai guba marar wari, irin wadda ke kashe mutane idan aka kwana da janareto a cikin gida. A jira a waje, sannan a shigar da mota a kashe. Kada a watsa wa turbo mai zafi ruwa, ko a kai mota wurin wanki a buɗe bonet daga saukowa hanya, domin ƙarfen zai iya tsagewa. Da rani kuma a guji ajiye ta a kan busasshiyar ciyawa ko tarin kara.

Baƙin mai, da alamun ciwo

Jira ba zai ceci turbon da ake ba gurɓataccen mai ba. Man da ake kira sintetik ya fi jure zafi kafin ya ƙone, shi ya sa da yawa daga masu ƙera injin turbo shi suke rubutawa. A bi lambar da ke littafin mota ko a kan murfin zuba mai. Idan an rubuta 5W-30 ko 0W-20, kada a zuba 20W-50 don an ce ƙasarmu da zafi. Mai kauri yakan yi jinkirin isa bushin ta siririn bututun nan, musamman da safe. Ga injin fetur mai turbo a nemi galan mai alamar API SP, matakin da aka fito da shi a 2020, ko SN Plus na 2018. A saya a rufe, a wurin da aka amince da shi. Man awo da ake zubawa daga duro a bakin hanya ba a san asalinsa ba. A yi juye a kan lokaci tare da canza matatar mai, a kuma riƙa duba matatar iska a lokacin hunturu, don ƙurar da ta tsallake ta kai tsaye kan farfela take faɗawa ta cinye mata baki. Da safe, bayan an tayar da mota, a ba mai 'yan sakanni ya zagaya, a fara tafiya a hankali har inji ya yi ɗumi.

Turbon da ya fara ciwo yakan nuna. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa, baƙin mai yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, mota ta rasa ƙarfi a tudu, ko wani kuka mai kama da jiniya da ke ƙaruwa idan an taka totur. Kada a yi ta lallaɓawa. A injin dizal, idan mai ya ɓalle da yawa ya bi hanyar iska, inji zai iya kama shan baƙin mansa ya yi ta gudu, ko an cire makulli ba zai mutu ba. Idan haka ta faru a mota mai giyar hannu, a taka birki sosai, a sa babbar giya, a saki kulochi don inji ya shaƙe. In ba ta yiwu ba, kowa ya fita ya yi nisa.

Ranar da za a sa sabon turbo, mai mota ya tsaya a kan abu uku: a canza bututun da ke kawo masa mai, ko aƙalla a tabbata ba ɓawo a cikinsa; a yi juye da sabuwar matata; a ɗura mai a cikin sabon turbon kafin a tayar da inji. Idan aka ɗaura sabo a kan tsohon bututun da ya toshe, abin da ya kashe na farko shi zai kashe na biyu cikin ɗan lokaci.

Aikin aji

1. Ku bayyana da bakinku dalilin da ya sa tsakiyar turbo ke ƙara zafi bayan an kashe inji.

2. Direbobi biyu sun taso daga Jos zuwa Bauchi da mota iri ɗaya. Na farko ya tsaya shan mai a bakin babban titi kafin shiga gari, na biyu ya ratsa cikin gari a hankali har gida. Wanne ya kamata ya jira, kuma kamar minti nawa?

3. Idan mota tana shan lita 1 a awa a silo, kuma direba yana jira minti 2 sau uku a rana, lita nawa zai ƙona a kwana 30? Ku lissafa kuɗin da farashin mai na garinku, sannan ku tambayi mai sayar da kayan gyara nawa turbon irin motar yake.

4. Ku je garejin da ke kusa da ku, ku roƙi bakanike ya nuna muku mataccen turbo da bututun mansa. Ku riƙe sandar ku girgiza, ku leƙa cikin bututun, ku rubuta abin da kuka gani don a tattauna a aji.